Daniel Amokachi: Bijimin Kaduna da gwiwa ta tsayar yana da shekara 26

Daniel Owefin Amokachi tsohon ɗan wasan gaba ne na Najeriya, wanda aka haifa a Kaduna ranar 30 ga Disamba, 1972. Tsakanin 1989 da 1999 ya taka leda a Ranchers Bees ta Kaduna, da Club Brugge ta Beljiyam, da Everton ta Ingila, da Besiktas ta Turkiyya. A cikin waɗannan shekaru goma ya ɗaga Kofin Nahiyar Afirka, ya rataya lambar zinare ta Olamfik, ya ci kofi a kowace ƙasar Turai da ya je, ya kuma halarci Gasar Cin Kofin Duniya sau biyu. Magoya baya sun yi masa laƙabi da bijimi, saboda faɗin ƙirjinsa da yadda yake kutsawa tsakanin masu tsaron baya ba tare da neman hanyar kewaye ba. Ya bar Besiktas yana da shekara 26, shekarun da yawancin 'yan wasan gaba ke shiga ganiyarsu, kuma daga nan babu babbar ƙungiyar da ta sake sanya shi a wasan gasa. Likitocin ƙungiyoyi a ƙasa bayan ƙasa sun duba gwiwarsa, suka ce ba za ta ɗauki aiki ba.

Kakuri da ƙungiyoyin masana'antu

Ba a fahimtar yadda yaro ɗan shekara 17 ya fito daga Kaduna ya shiga tawagar ƙasa sai an tsallaka gada zuwa kudancin kogi. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa. UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, aka kafa kamfanin ƙera makamai na gwamnatin tarayya a 1964, sannan Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975. Waɗannan masana'antu sun jawo ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar, suka cika Kakuri, da Makera, da Nasarawa, da Barnawa. A Arewa Textiles ɗin nan ne Adams Oshiomhole ya fara harkar ƙungiyar ƙwadago, kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982.

Masana'antun ba yadi da harsashi kaɗai suke fitarwa ba. Suna riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo, kuma tsarin mai sauƙi ne: ɗan wasa yana cikin jerin masu karɓar albashi, kamfani ya sayi riguna da takalma, ya ba da motar tafiya, ma'aikata kuma su cika fili ranar wasa. Rashidi Yekini, wanda shi ma haifaffen Kaduna ne, a ƙungiyar UNTL ya fara kafin ya wuce Shooting Stars ta Ibadan. Kamfanin makamai kuma shi ne uban DIC Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, ta sha kashi a hannun Rangers ta Inugu a bugun fenariti.

Daga baya ƙungiyar ta koma hannun ɗan kasuwa Alhaji Mukhtar Aruwa, wanda ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007, aka sauya mata suna zuwa Ranchers Bees. A ƙarƙashin sabon sunan ne ta yi shekarunta mafi armashi. A 1987 ta sake kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, inda Abiola Babes, ƙungiyar Cif M.K.O. Abiola, ta doke ta da fenariti. A 1988 ta je har wasan ƙarshe na gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, CA Bizertin ta Tunisiya ta hana ta. A 1989 ta ci Kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta rinjayi ASEC ta Abijan. A wannan shekarar ce sunan Amokachi ya fara yawo a bakin 'yan kallo, kuma a nan ne Clemens Westerhof, ɗan ƙasar Holan da aka ɗauka ya horar da Super Eagles, ya gan shi.

Aljeriya da Beljiyam

Westerhof ya tafi da shi Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka da aka yi a Aljeriya a watan Maris na 1990, yana da shekara 17 da 'yan watanni. Najeriya ta buɗe gasar da wulaƙanci, masu masauƙi suka lallasa ta 5 da 1, amma ta farfaɗo har ta sake haɗuwa da su a wasan ƙarshe, aka ci ta ɗaya mai ban haushi. A cikin shekarar Club Brugge ta ɗauke shi.

Beljiyam a wancan lokaci ita ce ƙofar da 'yan wasan Najeriya suke bi su shiga Turai. Stephen Keshi ya riga ya share hanyar tun tsakiyar shekarun 1980, kuma dokokin ƙasar ba su tsananta wa baƙin 'yan wasa ba kamar na Ingila ko Italiya. A yau irin wannan tafiya ba za ta yiwu cikin sauƙi ba, domin tun 2001 dokar FIFA ta hana kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa, in ban da wasu keɓaɓɓun dalilai.

A Brugge ya ci kofin ƙasar a 1991, da gasar lig a 1992. Shi ne na farko da aka bai wa kyautar Baƙin Takalmi, wadda ake karrama gwarzon ɗan wasa mai tushen Afirka da ita a Beljiyam, a 1992, ya kuma sake karɓarta a 1994. Victor Ikpeba ya karɓa a tsakani, Godwin Okpara a 1995, sannan Celestine Babayaro, wani ɗan Kaduna, a 1996. Shekara biyar a jere kyautar ba ta fita daga hannun 'yan Najeriya ba.

Abin da ya fi dawwamar da sunansa a kundin Turai ya faru ne ranar 25 ga Nuwamba, 1992. A kakar da aka sauya wa babbar gasar ƙungiyoyin nahiyar suna zuwa Gasar Zakarun Turai, Brugge ta karɓi baƙuncin CSKA ta Mosko a daren farko na wasannin rukuni. Amokachi ne ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da aka ci a wasan, kuma ita ce ta farko da aka ci a matakin rukuni na gasar a sabon sunanta. Yana da shekara 19.

1994: ƙwallo a Amurka, rikici a gida

Ranar 10 ga Afrilu, 1994, Najeriya ta doke Zambiya 2 da 1 a Tunis, Emmanuel Amunike ya ci duka biyun, ta ɗauki Kofin Afirka karo na biyu a tarihinta. A watan ne FIFA ta sanya Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa.

Wasan Najeriya na farko a tarihin Gasar Cin Kofin Duniya an yi shi ne a Dallas ranar 21 ga Yuni, da Bulgeriya. Yekini ya ci ta farko, ya shige raga ya riƙe ta yana kuka, hoton da har yau ake yawo da shi. Amokachi ya ci ta biyu, Amunike ya rufe da ta uku. Ƙwallaye biyun farko da Najeriya ta taɓa ci a wannan gasa, ke nan, haifaffun Kaduna ne suka ci su, ɗaya ya fito daga ƙungiyar masaƙa, ɗayan daga magajiyar ƙungiyar kamfanin makamai. Bayan Ajantina ta yi nasara 2 da 1, Najeriya ta haɗu da Girka ranar 30 ga Yuni. Ana dab da tashi Amokachi ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili, ya ratsa masu tsaron baya, ya yi wani naushin da ya shige kusurwar sama ta raga tun daga wajen da'ira. Najeriya ta gama a saman rukuninta.

Duk wannan ya gudana ne a daidai lokacin da gida ke tafarfasa. An soke zaɓen 12 ga Yuni a 1993, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba. Ranar 23 ga Yuni, 1994, kwana biyu bayan wasan Bulgeriya, aka kama Abiola, mutumin da ƙungiyarsa ta hana Ranchers Bees kofi shekara bakwai kafin nan. Ranar 4 ga Yuli ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki don neman a sake shi. Washegari Najeriya ta fuskanci Italiya a zagaye na biyu. Amunike ya sa ta a gaba, amma Amokachi ya fita da rauni tun kafin hutun rabin lokaci. Italiya, wadda aka kori mata ɗan wasa ɗaya, ta farke ta ƙafar Roberto Baggio saura minti biyu, shi kuma ya ƙara ta biyu da fenariti a ƙarin lokaci. Masu sharhi da yawa har yau suna ganin fitar Amokachi da ta Amunike ita ta karya lagon Najeriya a ranar, domin daga nan babu mai riƙe ƙwallo a gaba ya ba 'yan baya damar numfasawa.

Everton da canjin da koci bai yi ba

A watan Agusta na 1994 Mike Walker ya saye shi wa Everton a kan fam miliyan 3. Kulob ne da ya daɗe ba a ga baƙar fata a manyan 'yan wasansa ba, don haka zuwan nasa ya ɗauki ma'anar da ta wuce ta ƙwallo a birnin Liverpool. Sai dai Walker bai kai ƙarshen shekara ba aka sallame shi a Nuwamba, kuma magajinsa, Joe Royle, ya fi natsuwa da Duncan Ferguson da Paul Rideout. Amokachi ya sha zaman benci.

Ranar 9 ga Afrilu, 1995, a filin Elland Road, Everton na gaba da Tottenham 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, sai Rideout ya ji ciwo ana duba shi a gefen fili. Royle bai yanke shawarar canji ba, yana jiran ya ji ko Rideout zai iya ci gaba. Amokachi bai jira ba. Ya sa aka ɗaga allon canji, ya shige fili, kafin kocin ya farga alƙalin wasa ya riga ya amince. Ya ci biyu a mintunan ƙarshe, aka tashi 4 da 1. Royle ya riƙa ba da labarin cikin raha, yana kiransa canji mafi kyau da bai taɓa yi ba. Da ƙwallayen ba su shiga ba, da wataƙila ranar ce ƙarshen zamansa a kulob ɗin, domin a ƙwallon Ingila babu laifin da ya kai ɗan wasa ya yi wa koci gaban kansa. A wasan ƙarshe, ranar 20 ga Mayu, Everton ta doke Manchester United da ci ɗaya ta hannun Rideout, Amokachi ya shigo daga benci, a wannan karo da izini.

A kaka biyu ya buga wasan lig 43, ya ci 10. Adadi ne da bai kai kuɗin da aka biya ba, kuma a 1996 aka sayar da shi ga Besiktas a kan fam miliyan 1.75.

Gasa biyu da siyasa ta cinye

Ranar 10 ga Nuwamba, 1995, gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas. Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta dakatar da Najeriya, Nelson Mandela ya yi kiran a ƙaƙaba mata takunkumi. Gasar Afirka ta 1996 kuwa a Afirka ta Kudu aka shirya ta. Ana saura kwanaki a fara, gwamnati ta janye Super Eagles, masu riƙe da kofin, bisa hujjar cewa ba ta da tabbacin tsaron lafiyar 'yan wasa. Kowa ya san amsa ce ga Mandela. Hukumar CAF ta mayar da martani da haramta wa Najeriya gasar 1998 a Burkina Faso.

Ga ɗan wasan da zai yi shekara goma sha biyar yana bugawa, rasa gasa biyu asara ce da za a iya ramawa. Ga Amokachi babu ramuwa. A 1995 da 1996 shi ne na uku a zaɓen gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Wato a shekarun da ya fi kowane lokaci ƙarfi, an hana shi babban dandalin nahiyarsa saboda rigimar da ba shi ya haddasa ba. Lokacin da Najeriya ta dawo gasar a 2000, a matsayin mai masauƙi tare da Gana, babu sunansa a tawagar. Ba a cika lissafa wannan a cikin abin da mulkin soja ya ci ba, amma tawagar da ake kira mafi kyau a tarihin ƙasar Kofin Afirka ɗaya kacal ta samu damar ɗagawa.

Atlanta

Ƙwallon Olamfik na 'yan ƙasa da shekara 23 ne, kuma a 1996 iyakar ita ce a haifi mutum daga 1 ga Janairu, 1973. Amokachi ya wuce iyakar da kwana biyu, don haka ya shiga a matsayin ɗaya daga cikin manya uku da doka ta yarda a ƙara, tare da Amunike da Uche Okechukwu. A tawagar da Jo Bonfrere ya jagoranta akwai haifaffun Kaduna biyar: Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro, da yayansa Emmanuel, mai tsaron gida na ajiya.

Bayan an fitar da Brazil 4 da 3 a wasan da Nwankwo Kanu ya zama gwarzo, Najeriya ta haɗu da Ajantina ranar 3 ga Agusta. Sau biyu Ajantina tana shiga gaba, ta hannun Claudio López da Hernán Crespo. Celestine Babayaro ya farke ta farko da ka. Amokachi ya farke ta biyu a minti na 74, inda ya ɗaga ƙwallon ta bi ta saman mai tsaron gida. Amunike ya ci ta nasara ana dab da hura tashi, 'yan Ajantina na ɗaga hannu suna neman satar gida. Wannan ce lambar zinare ta farko da wata ƙasar Afirka ta ci a ƙwallon ƙafa na Olamfik, kuma biyu daga cikin ƙwallaye ukun wasan ƙarshe 'yan Kaduna ne suka ci su.

Gwiwa

A Istanbul ya samu karɓuwar da bai samu a wajen Royle ba. Magoya bayan Besiktas sun so shi, ya kuma ci Kofin Turkiyya da su a 1998 a ƙarƙashin John Toshack. Amma a Gasar Cin Kofin Duniya ta Faransa, wadda aka fara kwana biyu bayan rasuwar Abacha, wasa ɗaya kaɗai ya buga, wanda Najeriya ta ci Bulgeriya da ƙwallon Ikpeba. Gwiwa ta hana shi sauran. Yana kallo Denmark ta yi waje da Najeriya 4 da 1. An yi masa aiki, ya koma fili, amma bai sake zama mutumin da aka sani ba, kuma a 1999 suka rabu da Besiktas.

Abin da ya biyo baya jerin ƙofofi ne da suka buɗe suka rufe. 1860 Munich ta Jamus ta ba shi kwantiragi, aka soke bayan gwajin lafiya. Tranmere Rovers ta Ingila ta ƙi shi a kan dalili guda. Ya yi atisaye da Créteil, ƙungiyar rukuni na biyu a Faransa, maganar ta watse. Colorado Rapids ta Amurka ta ɗauke shi a 2002, ta sallame shi kafin a fara kaka. Ya gwada Hadaddiyar Daular Larabawa, nan ma haka. 

Gwajin lafiyar da ake yi wa ɗan wasa kafin sa hannu ba tambaya ce ta ko zai iya gudu yau ba. Likitan kulob yana ɗaukar hoton gaɓoɓi, ya duba jijiyoyin da ke riƙe gwiwa da guringuntsin da ke hana ƙashi goga ƙashi, sannan ya ƙiyasta ko za su jure wasa da atisaye har ƙarshen kwantiragin. Jijiya ana iya ɗinke ta ko a dasa wata. Guringuntsin gaɓa kuwa jini ba ya ratsa shi, shi ya sa in ya lalace ba ya tofowa. Kamfanin inshora kuma ba ya ɗaukar nauyin ciwon da aka riga aka sani, don haka kulob ɗin da ya sa hannu shi zai biya albashin mutumin da ke kwance. Ɗan wasa na iya jin ƙarfi a jikinsa, ya yi gudu a gaban koci, hoto ɗaya ya rushe cinikin. Salon Amokachi ma bai taimaka ba. Mai wasa da dabara da rarraba ƙwallo yana iya ja da baya ya ƙara shekaru. Wanda jarinsa gudu ne da karo da juyi cikin sauri, ranar da gwiwa ta gaza ba shi da abin komawa.

Akwai kuma tambayar wa ke biya idan ɗan wasa ya ji ciwo yana yi wa ƙasarsa aiki. A zamaninsa kulob ne ke ɗaukar asarar, abin da ya sa ƙungiyoyin Turai suke ƙyamar sakin 'yan Afirka. Sai a 2012 FIFA ta fito da tsarin biyan kulob diyya kan irin wannan rauni. Haka ma rabon kuɗin ciniki. Tun 2001, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Da dokar tana aiki a 1994, fam 150,000 za a ware daga cinikin Everton, kuma wani kaso nasa Kaduna zai zo.

Sauran 'yan zamaninsa

Gajeren zango ba nasa ba ne shi kaɗai. Joseph Dosu, wanda ya tsare ragar Najeriya a Atlanta, haɗarin mota a Legas ya raba shi da ƙwallo a 1997 yana da shekara 23. Emmanuel Babayaro, duk da kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 1993 da zinaren Olamfik, bai samu gurbi mai ɗorewa a Turai ba. Ƙanensa Celestine ya yi shekaru a Chelsea, amma raunuka suka dabaibaye shi a Newcastle, ya daina buga wasan gasa kafin ya cika 30. Ibrahim Babangida, wanda shi ma ya ci kofin 1993 a Japan, Volendam ta Holan ce iyakarsa. Ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya a watan Mayu na 2024.

Labarin ƙanensu Haruna Babangida ya fi ɗaure kai. An haife shi a Kaduna a 1982, ya shiga makarantar renon 'yan wasa ta Barcelona, kuma a 1998, yana da shekara 15, Louis van Gaal ya sa shi a wasannin share fage na babbar ƙungiyar. Mikel Arteta, wanda suka zauna tare a can, ya taɓa bayyana shi a matsayin yaron da babu kamarsa a lokacin. Bai taɓa kafa kansa a babbar ƙungiyar ba. Ya bi ta Yukiren, da Girka, da Saifurus, da Rasha, ya ƙare a Malta, da wasa ɗaya tak a rigar Super Eagles.

Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ya rasu a Ibadan ranar 4 ga Mayu, 2012. Gidajen da gwamnatin Abacha ta yi wa tawagar 1994 alkawari kuwa, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a bai wa waɗanda ba su samu ba. Kafin lokacin Yekini, da Keshi, da Uche Okafor, da Thompson Oliha, da Wilfred Agbonavbare duk sun riga mu gidan gaskiya.

Bayan rataye takalmi

Amokachi ya koma aikin horarwa. Ya jagoranci Nasarawa United da Enyimba, ya yi mataimaki a Super Eagles a ƙarƙashin Shu'aibu Amodu, sannan a ƙarƙashin Keshi, inda suka ci Kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu, ƙasar da aka hana su zuwa shekara 17 kafin nan. A 2016 ya karɓi JS Hercules, ƙaramar ƙungiya a birnin Oulu da ke arewacin Finlan. A 2020 Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Najeriya, daga baya a shekarar ya zama mataimaki na musamman kan wasanni. Masu sauraron sharhin wasanni sun san shi da Hausa mai daɗi ta wanda ya tashi a Kaduna.

Garin da ya rene shi kuwa ya sauya. Najeriya ta sha kashi a hannun Kamaru a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 2000. Kwana takwas bayan haka rikicin shari'a ya ɓarke a Kaduna. Bayansa, da na Nuwamban 2002, jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi da yawa suka tsallaka arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudu, gadar da 'yan kallo ke bi zuwa filin wasa na Ahmadu Bello ta zama kamar kan iyaka. Victor Moses, wanda ya taso yana buga ƙwallo a titunan Kaduna, ya rasa iyayensa a rikicin 2002, ya isa Ingila yana ɗan shekara 11 a matsayin mai neman mafaka, kuma a can aka rene shi har ya dawo ya ci wa Najeriya Kofin Afirka na 2013, Amokachi na zaune a bencin masu horarwa.

KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma ƙungiyoyin da albashin masana'antu ke riƙe da su sun tafi tare da injinan. Kaduna United, ta gwamnatin jiha, ta ci Kofin Ƙalubale a 2010, sannan ta faɗa ƙananan rukunai. Yaran Kakuri, da Sabon Tasha, da Narayi yanzu makarantun ƙwallo masu zaman kansu da dillalai ne hanyarsu ta fita. Ranchers Bees ta yi shekaru a wajen babbar gasar ƙasar, kuma a 2025 ɗan wasan gaban Super Eagles Sadiq Umar, shi ma haifaffen Kaduna, ya shiga cikin waɗanda suka mallake ta.